Mai Tari Ta Shigo Ta Ƙofa

Kowa a Illela ya san ta hanya biyu ake shigowa daga Ƙwanni, garin Nijar da ke tsallaken iyaka. Akwai ta ƙofa, inda kwastan suke zaune da littattafansu, akwai kuma ta bayan gonaki, wadda ba ta da suna amma ta fi ta ƙofar laushi saboda yawan bi. To ranar da labari ya iso ƙauyen Garu cewa Maccido, ɗan marigayi Sarkin Baka, shugaban maharban ƙauyen, zai dawo gida daga Tawa bayan shekara talatin da huɗu a Nijar, kuma wai da bindigarsa zai shigo, ta ƙofa, da rana tsaka, da takardu a hannu, mata suka jingine taɓarya suka yi dariya har da riƙe ciki. A wannan zamani da ko sandar makiyayi sai an dube ta sau biyu?

Shi Maccido bai yi dariya ba, dama ba mai yawanta ba ne. Dogo ne, siriri, mai tafiya kamar ya haɗiye sanda. Cirani ya kai shi Tawa yana saurayi, ya samu gadi a wurin masu aikin hanya, ya zauna. Da aikin ya ƙare, injiniyan da yake yi wa gadi ya bar masa bindigarsa ta harbin zabi, mai baki biyu, ya kai shi ofis aka juya takarda da sunansa. Maccido ya raɗa mata Mai Tari, don in ta tashi ba ta ƙara irin ta sauran, sai ka ji kamar dattijo ya gyara murya a bayan masallaci. Zabin Tawa kuwa sun san wannan tarin.

A shekarar ne mahaifinsa ya kai masa ziyara, da ƙanensa Sufyanu yana riƙe masa jaka. Tsohon ya juya bindigar, ya shinshina bakinta, ya ce ƙarfe ne mai kyau amma tsirara take. Ya zauna a inuwar ɗakin gadi ya naɗe wuyanta da jar fata tun daga bayan kunama har rabin ƙota, ya sa laya a ciki, ya ɗinke da jijiya. Haka maharban Garu suke yi. Kuma a wurinsu ɗinkin Sarkin Baka ba ya kwantuwa sai da hannun Sarkin Baka. In wani hannu ya taɓa, ko da na mai bindigar ne, to ta mutu ke nan, ta koma ƙarfe kawai, ba za a bar ta ta shiga sahu ranar buɗin daji ba, ranar da maharba suke jeruwa a bakin gari a yi addu'a kafin a fara farautar shekara.

Wannan sahun shi ne abin da ya tsaya wa Maccido a rai duk tsawon zamansa a Tawa. Yana so kafin ƙafa ta gaza ya tsaya a cikinsa da Mai Tari a kafaɗa, kowa yana gani. Bindigar da ta bi bayan gonaki kuwa ba ta ganin rana, a rami take ƙarewa ƙarƙashin rumbu, mai ita yana firgita in kare ya yi haushi.

Shi ya sa ya yi wata goma sha huɗu yana safa tsakanin Tawa da Sakkwato. An ɗauki hotonsa har ya gaji da cire hula, an dangwala yatsunsa goma, likita ya leƙa idonsa, mai gari ya rubuta masa shaida. Matarsa Kaltume ta ce ko aurenta bai ci wannan zirga-zirgar ba. Daga ƙarshe ya samu lasin na gida, da wata takarda mai hatimi ta izinin shigowa da ita, wadda aka rubuta wa ranar ƙarewa. Harsashin da ya rage masa ya mayar wa hukuma can Tawa, takardarsa ta Nijar ma ya miƙa musu, suka sallame shi.

Ga inda girman kai ya soma yi masa aiki. Tun ranar Laraba kayansu suke ɗaure. Amma da ya duba ya ga ranar ƙarshe ta izinin ta faɗo Lahadi, ranar kasuwar Illela, sai ya ce ai babu gaggawa. Kaltume ta gane sarai. So yake mutanen Garu da na Lafani da na Gidan Katta duk su kasance a wurin, a ga shigowar da ido, kada a ji ta a bakin mata.

Akwai kuma wata tsohuwar magana da ba ya so a taɓo. Lokacin da tsohon ya rasu, shekara goma sha tara ke nan, Maccido ya iso gaisuwa ya tarar maharba sun riga sun tsayar da Sufyanu a matsayin Sarkin Baka, don shi ne a gida, shi ya san dajin. Bai yi faɗa ba. Ya yi kwana bakwai ya koma. Amma tun daga ranar bakinsa bai taɓa furta sarautar ba. Ko a waya sai dai ya ce a gaida Auta. Mutum mai furfura da jikoki tara, Auta.

Ranar Lahadi da hantsi motar ɗaukar albasa ta sauke su a ƙofa, da katifa da tukwane da akwatin katako dogo mai kwaɗo. Mukhtari, ɗan ƙanwar Maccido, wanda yake fataucin albasa tsakanin Ƙwanni da Illela, ya zo tarye. Kafin a sauke katifar ma mutane sun taru, masu kabu-kabu sun kashe injin, masu canjin sefa sun miƙe tsaye. Maccido ya gyara babbar rigarsa, ya rungumi akwatin, ya doshi rumfar kwastan yana taka ƙasa ɗaya bayan ɗaya.

Jami'in da ya karɓe shi sunansa Abdulaziz, Bakano, mai fara'a da tabarau. Da ɗan sanda a gefensa. Ya ba tsohon kujera, ya bi takardun layi layi da yatsa, ya ce rabon da ya ga takardu cikakku haka har ya manta. Maccido ya ɗan waiga don ya tabbata na baya sun ji. Aka buɗe akwatin. Mai Tari ta fito tana ƙyalli kamar sabon kwano, jama'a suka matso.

Abdulaziz ya buɗe ta a tsakiya, ya leƙa bakunan biyu ya ga babu komai, sannan ya juya ta yana neman lamba. Ya samu a ƙasan ƙarfen. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya fita da ita rana. A takarda lambobi shida ne. A jikin ƙarfe uku ne kawai suke karantuwa, sauran ukun sun shafe sumul.

Maccido ya juya a hankali ya dubi matarsa. Shekara talatin, duk jajiberin Salla, in ta gama da tukwane da farantai sai ta ɗauko bindigar ta bi ta da toka da yashi da ɓawon lemun tsami. Shi kuma yana jin daɗin ƙyallin, har yana nuna wa baƙi.

Kaltume ta gyara mayafi ta ce, "Kak ka dube ni, Malam. Da tsatsa kaka so ta cinye ta? Kuma wa an nan ka cewa in ƙara goga wajen ƙasa?"

Aka yi dariya a baya, wani ya ce gaskiyar Inna. Abdulaziz ya danne tasa. Ya ce ba abin damuwa ba ne, irin waɗannan bindigogi ana buga musu lamba wuri biyu, ta biyun tana kan ƙarfen da ke bayan kunama. Ya ɗora yatsa daidai kan jar fatar. Ya ce a ɗan buɗe nan ya gani, minti biyu, ya buga hatimi.

Maccido ya ji kamar an ɗora yatsan a kan ƙwayar idonsa. Ya yi masa bayani a natse, waye ya ɗinka, da abin da ke ciki, da abin da kwancewa take jawowa. Abdulaziz ya saurara har ƙarshe, bai yi murmushin 'yan boko ba. Ya ce shi ma kakansa yana da irin waɗannan abubuwa.

"Baba, ban ce ka yi ƙarya ba. Na yarda ita ce. Amma ba zan sa hannu a kan abin da idona bai gani ba."

Ya ƙara da cewa in lambar ba ta fito ba kafin ya rufe littafin yau da ƙarfe shida, izinin ya ƙare. Dole bindigar ta shiga ɗakin ajiya, daga nan a wuce da ita Sakkwato, sai an sake neman takardu daga farko. Maccido ya san yadda farkon nan yake. Ya kuma san buɗin daji saura mako biyar, ƙafarsa ta hagu kuwa ba ta yi masa alkawarin baɗi ba.

Aka mayar da Mai Tari cikin akwati a kan tebur. Maccido ya koma gindin dogonyaro ya zauna a kan katifarsu. Masu kallo ba su watse ba, sai ma ƙaruwa, don labari ya shiga kasuwa har kara, wasu sun bar cinikin awaki sun taho.

Bayan azahar Mukhtari ya tsuguna kusa da shi, ya rage murya. Ya ce Kawu ya je ya ce ya fasa, zai koma da ita Ƙwanni, tun da ba ta shigo ba tukuna. In sun yarda sun ba shi, shi ke nan. Kafin la'asar tana Garu a cikin buhun albasa, fatarta ba a taɓa ba, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Ya ce yana da yara masu babur da suka san kowace kunya ta gonakin nan.

Kuma kada a yi wa Maccido ƙarya, ya yi tunanin abin. Laya za ta tsira, ɗinkin mahaifinsa zai tsira. Sai dai ya hango kansa ranar buɗin daji tsaye a bayan mata da yara hannu rabbana, Mai Tari tana kwance cikin rami da gara.

Ya ce, "Mukhtari, wagga bindiga shekara talatin tana duban mutane ido da ido. Ba ta shiga buhu. In albasa ta, ka kai ta kasuwa."

Mukhtari ya tashi yana sosa ƙeya.

Da la'asar ta gabato Maccido ya zaro askarsa daga aljihu, ya koma rumfar, ya roƙi a buɗe akwatin. Ya ɗora bakin askar a kan ɗinkin farko. Ɗinkin tsohon ne, ƙanana, a jere, kowanne ya ɗan karkata hagu saboda shi bahago ne. Ya tsaya a haka. In ya yanka, za ta shiga gida da hatimi, amma gawa zai kai. Maharban da ke cikin taron nan sun fi goma, kuma duk sun zuba ido.

Kaltume ce ta taɓa hannun rigarsa. Ta ce ya rufe askar nan kafin ya yanke yatsa ya ƙara mata aiki, ya ɗaga kai ya dubi bencin mai shayi da ke tsallaken titi. Ya duba. Wani gajeren dattijo ne zaune, kakkaura, da hular saƙi da taguwar maharba a ƙarƙashin riga, ya ba su baya rabi, yana kallon wata akuya da ba tasa ba kamar zai saye ta. Kaltume ta ce tun hantsi yake nan, kofi huɗu ya sha, ita ta ƙirga.

Maccido ya san wannan ƙeyar ko a cikin dubu. Ya rufe askar. Ya kira Mukhtari ya ce ya je ya ce wa Auta ya taho.

Mukhtari ya tsallaka, ya durƙusa, suka yi magana, ya dawo yana kallon ƙafafunsa. Ya ce Kawu Sufyanu ya ce a gaida Yaya da hanya. Ya ce in Auta ake nema, zai taso yanzu da gudu, ya ɗauki katifa ma a kai. Amma Auta ba ya kwance ɗinki. Hannun Auta da hannun mai shayin nan ɗaya suke a wurin laya.

Ba wanda ya yi dariya wannan karon, don gaskiya ce, kuma maharban da ke wurin sun gyaɗa kai. Maccido ya dubi agogon da ke rataye a rumfar, biyar saura. Ya dubi akwatin. Shekara goma sha tara yana riƙe da kalma biyu a bayan haƙora, har ya saba da su kamar tsakuwa a takalmi. Kaltume ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ga fuskarsa, ta rufe. Masu sanin Kaltume sun ce wannan shi ne abin mamaki na farko a ranar.

Ya gyara hula ya shiga titi. Wata motar shanu ta tsaya ta ba shi hanya. Taku arba'in ne ko ƙasa da haka, amma ya yi su a miƙe, ba sauri ba sanɗa, jama'a suna buɗewa. Da ya isa gaban bencin ya tuɓe takalmansa, ya dunƙule hannun dama ya ɗaga, ya soma sauka a kan ƙafar nan tasa mai ciwo. Bai yi raɗa ba. Da muryar da yake ihun ɓarawo a wurin gadi ya faɗa, har masu canjin sefa suka ji.

"Allah shi ja zamanin Sarkin Baka. Ga baƙuwa ta taho gida, tana biɗar hannunka."

Gwiwarsa ba ta kai ƙasa ba. Sufyanu ya zabura, kofi na biyar ya kife, ya tallabe shi ta hamata biyu yana cewa, "Tashi, Yaya, tashi don Allah, mutane na kallo." Kamar ba don mutanen su kalla aka yi abin ba. Suka tsaya riƙe da juna, dogo da gajere, ba wanda ya san inda zai sa idonsa. Sai Sufyanu ya sa hannu a aljihun taguwa ya fito da basilla da ƙullin jijiya da ya riga ya jiƙa.

Maccido ya dubi basillar ya tambaye shi wa ya gaya masa za a buƙace ta.

"Ni nir riƙa ma Baba fatar randa yaɗ ɗinka. Na ga lamba ta shige ciki. Kuma na san hannun Kaltume ga toka."

Kaltume daga tsallake ta ce ta ji, kuma za su haɗu a gida.

A rumfar kwastan Sufyanu ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya roƙi jama'a su juya baya. Suka juya, har ɗan sandan. Abdulaziz kaɗai ya rage, shi ma ya ce a gaya masa in an kai wurin, ya dubi rufin kwano. Sarkin Baka bai yanka ko ɗinki ɗaya ba. Da bakin basilla ya bi su yana zarewa, har fatar ta buɗe kamar ɓawon gyaɗa. Ya kife hularsa a kan layar, ya ce ofisa ya duba.

Ƙarfen wurin baƙi ne wuluk, toka ba ta taɓa ganinsa ba. Abdulaziz ya karanta lambobin da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya, ɗan sandan yana bin takarda yana amsawa. Shida cif. Ya ɗauki hatimi ya buga, tebur ya amsa, ya sa hannu, ya miƙe tsaye ya ba Maccido takardunsa da hannu biyu. Ya ce, "Baba, barka da zuwa gida, kai da ita."

Ɗinkin mayarwa ya ci kusan rabin sa'a, don Sufyanu ya dage sai ya bi ramukan tsohon, kuma da hannun hagu, shi da ba bahago ba. Ya soki yatsa sau biyu. Maccido ne ya riƙe masa fatar.

Abdulaziz ya ce a bar ta cikin akwati da kwaɗonta har a isa gida, aka ce to. Mukhtari ya kawo mota, Maccido ya ce a sa katifa da tukwane da Kaltume, shi da ƙafa zai ratsa gari. Ya ɗora akwatin a kafaɗa, ya soke takardun a aljihun gaba yadda jan hatimin zai leƙo. Sarkin Baka yana gaba, maharba suna biye, masu kabu-kabu suna busa ƙaho a hankali. Sai da suka wuce bakin kasuwa, ya tabbata kowa ya gani, sannan ya yarda ƙafar tana ciwo ya hau mota.

Ranar buɗin daji ya tsaya a hannun daman ƙanensa da Mai Tari a kafaɗa, jar fatar tana ɗaukar ido. Da aka shafa addu'a Sarkin Baka ya ce bana baƙuwa ce za ta buɗe. Maccido ya sa mata harsashin da ya saya da sabon lasinsa, ya ɗaga ta sama, ta yi tarinta sau ɗaya, tsofaffin da suka san mahaifinsu suka ce madalla.

Abin da ke cikin layar kuwa, Kaltume ta rantse ta ɗan waiga lokacin da kowa ya juya baya. Ta gaya wa matan Garu wata aba, ta gaya wa na Lafani wata daban, a gidan suna a Gidan Katta kuma ta kawo ta uku. Da jajiberin Salla ya zo ta gama da tukwane, ta nufi ɗakin Malam da tokarta, ta tarar ya sa wa akwatin kwaɗo na biyu, mabuɗin yana rataye a wuyansa.